Musayar Taurari a NBA: Tambayoyin da Masu Kallon Ƙwallon Kwando na Jos Suka Fi Yi

Duk ranar da aka ce wata ƙungiyar NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ta ɗauko shahararren ɗan wasa, gardama ɗaya ce ke tashi a majalisun masu kallon ƙwallon kwando na Jos, daga Unguwar Rogo har Titin Bauchi: wa ya cuci wa? Akasarinmu da ƙwallon ƙafa muka tashi, shi ya sa muke auna cinikin da mudun Firimiya, alhali dokokin sun sha bamban. Ga tambayoyin da suka fi yawan dawowa.

Shin musaya a NBA daidai take da sayen ɗan wasa a ƙwallon ƙafa?

A'a. A ƙwallon ƙafa kuɗi ke magana: PSG ta ajiye yuro miliyan 222 a 2017 ta ɗauke Neymar daga Barcelona, magana ta ƙare. A NBA ciniki ne na ba ni gishiri in ba ka manda. Kai ka ba da 'yan wasa, ko guraben zaɓen sababbin 'yan wasa na shekaru masu zuwa, ko duka biyun, a ba ka wanda kake so. Ana iya ɗora tsabar kuɗi a kai, amma doka ta ƙayyade abin da ƙungiya za ta bayar a kaka guda, kuma bai kai albashin wata uku na babban tauraro ba.

Abin da ke sauya hannu shi ne kwantiragi. In saura wa mutum shekara uku a kan dala miliyan 45 duk shekara, sabuwar ƙungiyarsa ta gaji wannan yarjejeniyar yadda take, ko ya yi ƙoƙari ko ya kwanta jinya.

Ɗan wasan yana da ta cewa, ko kawai a ce masa ya haɗa kayansa?

A mafi yawan lokuta ba shi da ita. Wanda zai iya cewa bai yarda ba shi ne mai sharaɗin hana musaya a kwantiraginsa, kuma kafin a nemi wannan sharaɗi sai mutum ya yi shekara 8 a gasar, 4 daga ciki a ƙungiyar da yake. Kaɗan ne suka taɓa samunsa, irin su LeBron James da Bradley Beal. DeMar DeRozan ya yi kaka tara a Toronto, mutanen garin na ƙaunarsa, shi ma yana ƙaunarsu, amma a Yulin 2018 aka tura shi San Antonio ba da son ransa ba.

Sai dai manya suna da wata hanyar. Tauraron da kwantiraginsa ya kusa ƙarewa yakan sa wakilinsa ya bayyana cewa ba zai sabunta ba, ya kuma nuna inda zuciyarsa take. Haka Anthony Davis ya yi wa New Orleans a farkon 2019, kafin kaka ta gaba ta soma ya isa Lakers, suka ɗauki kofi a 2020. Sauran ƙungiyoyi na jin tsoron zuba dukiya a kan wanda ya riga ya nuna ba zai zauna ba, sai farashinsa ya sauka.

Mene ne wannan gurbin zaɓe da ake ta lissafawa a kowane ciniki?

Kowace shekara ƙungiyoyi 30 na NBA suna zaɓen matasan da za su shigo gasar, zagaye biyu, kowace ƙungiya da gurbi ɗaya a kowane zagaye. Wadda ta fi shan kashi ita ta fi damar zaɓe da wuri. Ƙungiyoyin da ba su kai wasannin fitar da gwani na ƙarshen kaka ba ana jefa musu ƙuri'a, kuma tsarin da aka kawo a 2019 ya ba uku na can ƙasa kowace damar kashi 14 cikin 100 ta samu gurbi na ɗaya. Wannan gurbin kadara ce, ana iya ba da shi tun shekara bakwai kafin lokacinsa.

Nan ne haɗarin yake. Gurbin da ka bayar yau kana kan ganiyarka, kana ganin na 27 ne ko na 28, ba wani abu ba. Bayan shekara huɗu taurarinka sun tsufa, ka faɗo ƙasan tebur, gurbin ya zama na 3, kuma na wani ne. Kamar mai jinginar da gona ne tun bai san wace damina ce za ta yi albarka ba. Shi ya sa ake sa kariya, a rubuta cewa in gurbin ya faɗo cikin goma na farko, misali, ya tsaya a gida sai wata shekara. Akwai kuma ikon musanya gurbi, wato ɗaya ɓangaren ya duba nasa da naka ya ɗauki wanda ya fi kyau. In ka ji an ce gurbi marar kariya, to ka buɗe kunne, shi ne mafi tsada.

Akwai dokar da ta hana ƙungiya zama babu gurbin zagayen farko shekara biyu masu zuwa a jere. Sunan Ted Stepien aka sa mata, mai ƙungiyar Cleveland a farkon shekarun 1980, wanda ya yi ta rabon gurabensa har hukumar gasar ta taka masa birki. Dalilin ke nan da kake ganin ana tsallake shekara: 2025, 2027, 2029.

Me zai hana ƙungiya mai kuɗi ta kwashe taurari gaba ɗaya?

Iyakar albashi. A kakar 2025-26 an sa ta a kusan dala miliyan 154.6 ga ƙungiya gaba ɗayanta. Ana iya wuce ta ta wasu ƙofofi, musamman wajen sabunta wa ɗan gida, amma a waccan kakar daga kusan miliyan 187.9 ake fara biyan haraji, wanda ke ninkuwa gwargwadon yadda ka zarce. Ƙungiyar da ta wuce iyaka kuma in za ta karɓi mai albashin miliyan 50, dole ta fitar da albashin da ya yi kusa da haka. Shi ya sa kake ganin sunayen wasu 'yan benci a cikin babban ciniki, ba don ana bukatarsu ba, cikon lissafi ne.

Yarjejeniyar 2023 tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa ta ƙara tsananta lamarin da shinge biyu. A kakar 2025-26 na farko yana wajen miliyan 195.9, na biyu wajen miliyan 207.8. Wanda ya haye na biyu ba zai haɗa albashin mutum biyu ya karɓo mutum ɗaya ba, ba zai ɗora tsabar kuɗi a ciniki ba, har gurbinsa na shekara bakwai gaba ake daskarewa. Boston ta ɗauki kofi a 2024, amma a bazarar 2025, bayan jijiyar dunduniyar Jayson Tatum ta tsinke, ta sallami Jrue Holiday da Kristaps Porzingis don ta sauko ƙasan shingen.

Babban tauraro yana iya cin kashi 25, ko 30, ko 35 cikin 100 na iyakar, gwargwadon daɗewarsa a gasar. Tara uku masu cin 35, ka ga sun haura iyakar su kaɗai, ga kuma mutum goma sha biyu na jiran albashi.

To da me ya kamata a fara aunawa?

Da ƙungiyar da za ta karɓe shi, kafin a zo kan shi kansa. In aka cire abin da za a bayar, waɗanda suka rage za su iya kai shi wasan ƙarshe? Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya ya zama shugaban Toronto Raptors. A kakar 2017-18 Toronto ta ci wasa 59 cikin 82, ita ce ta ɗaya a Gabas (gasar ta kasu gida biyu ne, Gabas da Yamma), amma Cleveland ta LeBron ta share ta 4-0, karo na uku a jere da take fitar da ita. Ujiri ya kori koci Dwane Casey a shekarar da aka ba shi kyautar kocin shekara, sannan ya ba da DeRozan da Jakob Poeltl da gurbi ɗaya mai kariya, ya karɓo Kawhi Leonard da Danny Green.

A lokacin da yawa sun ce caca ce. Kawhi wasa 9 kacal ya buga a kakar da ta gabata saboda rauni, saura masa shekara ɗaya, kuma kowa ya san Los Angeles yake so. Amma duba abin da bai fita daga hannun Toronto ba: Kyle Lowry, Pascal Siakam ɗan Kamaru, Serge Ibaka, Fred VanVleet, OG Anunoby. LeBron kuma ya riga ya koma Lakers a wancan watan, hanyar Gabas ta buɗe. Kawhi ya buga wasa 60 ne a kakar, a sauran 22 da ya huta ƙungiyar ta ci 17. Wannan adadin ya fi komai nuna dalilin da cinikin ya yi kyau.

Sun doke Golden State 4-2 a 2019. Mai adalci zai ƙara da cewa sa'a ta taimaka, don Kevin Durant da Klay Thompson duka sun ji rauni a wasannin ƙarshen, ga kuma ƙwallon Kawhi a wasa na bakwai da Philadelphia da ta yi tsalle huɗu a bakin kwando kafin ta faɗa. Amma sa'a sai ta samu wanda ya riga ya iso wurin.

Kawhi ai tafiyarsa ya yi bayan shekara ɗaya. Wannan ba asara ba ce?

A ganina ba asara ba ce, don kofin shi ne na farko a tarihin ƙungiyar, kuma gurbi ɗaya tak suka bayar. Da gurabe biyar ne da lissafin ya sauya. Gajeren kwantiragi a biya shi da farashin haya, dogo a biya da farashin saye. Matsala na zuwa ne in aka biya farashin saye a kan ɗan haya.

Wani lokacin kuma cinikin ba don wanda aka ɗauko ake yinsa ba, don wanda ke gida ne. A 2020 Milwaukee ta ba da gurabe uku da ikon musanya biyu saboda Jrue Holiday, mutane suka ce an yi wauta, ai bai kai wannan farashin ba. Bayan 'yan makonni tauraronta Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya sa hannu a sabon kwantiragin shekara biyar na dala miliyan 228. A 2021 suka ɗauki kofi, karo na farko tun 1971.

Daga shekara nawa ake cewa tauraro ya tsufa?

Babu layi guda, amma daga 32 zuwa sama kowace shekarar kwantiragi sai an yi mata kallon tsanaki. Darasin da kowa ke kawowa shi ne na Brooklyn a 2013. Sun ɗauko Kevin Garnett mai shekara 37 da Paul Pierce mai 35 daga Boston, suka ba da guraben 2014, 2016 da 2018, da ikon musanya na 2017. Zagaye ɗaya suka tsallake a wasannin fitar da gwani, Pierce ya tafi bayan kaka guda, ƙungiyar ta ruguje har ta koma cin wasa 21 da 20 a kaka. Da waɗannan guraben Boston ta samu Jaylen Brown a 2016 da Jayson Tatum a 2017, su ne suka kawo mata kofin 2024. Koma amsar gurbin zaɓe a sama ka sake karanta maganar kariya.

Tsufa ba shi ne laifin ba in farashin ya dace. A Fabrairun 1995 Houston ta ba da Otis Thorpe ta karɓo Clyde Drexler mai shekara 32, abokin tauraronta Hakeem Olajuwon ɗan Legas tun suna jami'a. Suna na shida a Yamma suka shiga fitar da gwani, suka kare kofinsu da share Orlando 4-0. Ita kuwa Milwaukee da ta saki Holiday a 2023 don Damian Lillard mai shekara 33, jijiyar dunduniyarsa ta tsinke a Afrilun 2025, ta sallame shi tana ci gaba da biyansa. Holiday ɗin da ta saki kuma da shi Boston ta ɗauki kofin 2024.

In mai cin maki 28 ya haɗu da wani mai cin 28, ai an samu 56 ke nan?

Ƙwallon ɗaya ce, minti 48 ne, kuma adadin harin da ƙungiya ke kaiwa a wasa ba ya ƙaruwa don ta sayi tauraro. Duk jifan da sabon ya yi, daga hannun wani ya fito. Abin dubawa shi ne me yake yi in ƙwallon ba ta hannunsa. Yana jefa ta maki uku in an miƙo masa? Yana tsare abokin hamayya, ko sai an ɓoye shi? Makinsa 28 ɗin, jifa nawa yake yi kafin ya tara su?

Phoenix ta ba da Mikal Bridges, Cam Johnson, Jae Crowder da gurabe huɗu marasa kariya don Durant a Fabrairun 2023, ta ƙaro Bradley Beal, ga Devin Booker dama. Gwanayen jifa uku, ba wani tsayayyen mai raba ƙwallo, benci kuma na masu ƙaramin albashi saboda shingen da aka yi bayani a tambayar kuɗi. Minnesota ta share su 4-0 a zagayen farko na 2024, a kaka ta gaba wasa 36 suka ci, ko fitar da gwani ba su leƙa ba. A bazarar 2025 Durant ya koma Houston.

Yaron da ake haɗawa a cikin kayan musaya, yana da wani muhimmanci?

Sau da yawa shi ne cinikin. A Yulin 2019 Clippers ta Los Angeles ta karɓo Paul George daga Oklahoma City, ta ba da Danilo Gallinari, gurabe biyar, ikon musanya biyu, da wani yaro da ya yi kaka ɗaya yana cin maki kusan 11 a wasa. Sunansa Shai Gilgeous-Alexander. A 2025 shi ne ya fi kowa cin maki, shi ne gwarzon kaka, shi ne gwarzon wasannin ƙarshe, Oklahoma ta ci wasa 68 ta ɗauki kofi. Mataimakinsa Jalen Williams ma da gurbin Clippers na 2022 aka zaɓe shi. Paul George kuwa ya tafi Philadelphia a 2024 ba a samu komai a madadinsa ba.

Duk da haka ba na cikin masu cewa Clippers ta yi hauka. Kawhi, wanda ya fito daga ɗaukar kofi, yana son a kawo masa George kafin ya sa hannu a Clippers, don haka mutum biyu suka saya da wannan farashin. Rauni ne ya yi ta cin su, iyakacinsu wasan ƙarshe na Yamma a 2021. Darasin da za a ɗauka shi ne a lura da wanda mai sayarwa ya nace a kansa. In ya ce ba ciniki sai da wane, ya ga wani abu.

Malam, maganar Luka Doncic fa? Har yau ban gane abin da Dallas ta gani ba.

Ba kai kaɗai ba. Labarin ya fito ne da tsakar daren Amurka, a nan bayan sallar asuba ta Lahadi 2 ga Fabrairun 2025, har mutane suka ɗauka an yi wa ɗan jaridar da ya sanar kutse a shafinsa. Dallas ta ba da Luka mai shekara 25, wanda ya kai ta wasannin ƙarshe watanni takwas kafin nan, ta karɓi Anthony Davis mai 31, da Max Christie, da gurbi ɗaya na 2029. Babban manajan ƙungiyar, Nico Harrison, ya kare kansa da cewa tsaro ke cin kofi. Akwai kuma batun kuɗi: a bazarar nan Luka ya cancanci kwantiragin shekara biyar na kusan dala miliyan 345, wanda Dallas kaɗai ke iya ba shi.

A auna da ma'aunan da ke sama. Shekaru: an ba da yaro an karɓi wanda ya girme shi da shekara shida, mai tarihin rauni, kuma a wasansa na farko ya ji ciwo. Gurabe: ɗaya, alhali Durant mai 34 ya kawo huɗu, George ya kawo biyar. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne ba a kai shi kasuwa ba, da Lakers aka yi ta magana a ɓoye, ba a bar sauran ƙungiyoyi sun yi tayi ba. Ko da shawarar rabuwa da shi daidai ce, an karya farashi. An sallami Harrison a Nuwamban 2025.

Wasu na cewa ai Dallas ta samu Cooper Flagg, matashin da ta zaɓa da gurbi na ɗaya a 2025. Ta samu, amma da ƙuri'ar da damarta a ciki kashi 1.8 ce cikin 100. Wannan rabo ne, ba a rubuta shi a takardar cinikin ba.

Yaushe ya dace a yanke hukunci a kan musaya?

Sau biyu. Ranar da aka yi ta, a duba ko da abin da aka sani a ranar shawarar tana da ma'ana. Sai kuma bayan an yi amfani da gurbi na ƙarshe, a duba sakamako, don ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Amsoshin biyu kan saɓa: ta Clippers ta ci jarrabawar farko ta faɗi ta biyu.

Ana irin wannan ciniki a gasarmu ta Najeriya?

Ba a yi. Gasar ƙwallon kwando ta maza a nan ba ta da zaɓen matasa irin na NBA, ba ta da iyakar albashi irin tasu, don haka babu gurbin da za a bayar. Ƙungiyoyi irin su Plateau Peaks ta nan Jos, Kano Pillars, Gombe Bulls, Kwara Falcons da Rivers Hoopers, da yawansu a hannun gwamnatocin jihohi suke, ɗan wasa kuma yakan koma inda aka fi biya ko inda albashi ke zuwa a kan kari. Abin da ya ɗan yi kama shi ne lokacin da zakarar ƙasa za ta tafi gasar BAL ta Afirka, wadda aka fara a 2021, ta ɗauko 'yan wasa daga waje na ɗan lokaci. Rivers Hoopers ta zo ta uku a 2024. A nan ma tambayar dacewa ita ce kan gaba, don makonni kaɗan baƙon ke da su ya saba da 'yan gida.

Yaushe kasuwar ke rufewa, kuma in an sanar ciniki ya tabbata ke nan?

Tana rufewa wata ranar Alhamis a farkon Fabrairu, ƙarfe uku na rana agogon New York, wato tara na dare a nan. Wannan kam ya fi sauƙi a kan wasannin kansu, da sai mutum ya tashi ɗaya da rabi ko huɗu da rabi na dare a sanyin hunturun Jos. Akasarin waɗanda suka sa hannu a sabuwar ƙungiya a bazara ba a iya musayarsu sai daga 15 ga Disamba, shi ya sa jita-jita ke ƙaruwa daga tsakiyar watan. Ƙungiya na iya komawa ciniki da zarar kakarta ta ƙare, manyan musayoyi kuma sun fi faruwa a ƙarshen Yuni da farkon Yuli.

Sanarwar 'yan jarida ba ita ce ƙarshe ba. Sai ofishin gasar ya duba lissafin albashi ya amince, sannan likitocin sabuwar ƙungiya su gwada ɗan wasan. Kwanaki kaɗan bayan zuwan Luka, Lakers ta ƙulla cinikin ɗauko dogon ɗan wasa Mark Williams daga Charlotte, bai tsallake gwajin likita ba, aka warware. Dalton Knecht, wanda aka riga aka ba da shi, ya dawo Lakers ya ci gaba da buga wasa, kuma kasuwa ta riga ta rufe ballantana su nemi wani dogon.